Gayyar da Ba Fura

Sani ɗan ƙanena ne ya jawo wannan magana. Ran kasuwar Filinge ya zo gidana da abokansa biyu, dukansu sababbin malaman kwantaragi, wai in ara musu tsofaffin taswirorina. Ina cikin kwance ƙullin sai na ji ɗayansu yana cewa shi kam ya yi sa'a, tarihi aka ba shi, ba lissafi ba. Sani ya ce, "Ai tarihi hutu na. Ka karanta, su rubuta, a buga ƙarhe ka tahi gida." A gidana, a kan tabarmata, da shayina a hannunsu! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na mayar da ƙullin na ɗaure, na ce babu mai fita da takarda ko ɗaya sai ya ji abin da hutun nan ya yi wa wani manomi mai suna Arzika. Abin da na faɗa musu shi nake rubutawa, domin irinsu sun yi yawa a makarantunmu.

Takardar shaida a Yamai aka ba ni, amma aikin wurin Mushe Gado na koye shi (Mushe muke ce wa malamin boko, daga Faransanci), a wata kwaleji ta ƙasar Kurfai, zamanin soja. Dogo ne, mai faɗa, kullum aljihunsa fari fat da alli. Shekarata ta farko duk lokacin da ba ni da aji a bayan ajinsa nake zama kamar ɗalibi. Shi ya koya mini baƙanta allon bango da baƙin cikin tsohon batir da ƙaro, domin fenti ba ya zuwa. Shi ya koya mini ajiye guntayen alli a gwangwanin tumatir, har wanda bai kai ƙwayar wake ba. Taswira kuwa babu mai aiko maka. Takardar buhun siminti za ka kakkaɓe, ka shimfiɗa, ka zana gaɓar teku da gawayi, ka shafa shuni inda ruwa yake, jar ƙasa inda duwatsu suke. Waɗanda Sani ya zo ara ke nan, kafin in mayar da ƙullin har ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar tsumma.

Kuma ku sani, masu sayen kayanmu, wato karatun nan, ba yaran ne kaɗai ba. Uban yaro yana ganin ka raba shi da hannu guda a gona, saboda haka yana so ya ji abin da aka ba shi a madadi. Yaro zai koma gida, a zauna cin tuwo, a ce to, yau mi anka hwaɗi ga lakwal, wato makaranta? Abin da ya iya maimaitawa da Hausa shi ne duk abin da ka sayar a ranar. Sauran da ya kwafa da Faransanci yana nan cikin jaka, gara za ta ci. A lokacin an hana Hausa a aji, wanda ya yi ta sai a hukunta shi. Amma Mushe Gado yakan tura ƙyauren taga, ya rage murya, ya ba su kalma ɗaya tak da Hausa a kowane darasi. Yakan ce mini, "Ita ɗai za su kai gida. Ka zaɓe ta kamar yadda kaka zaɓen iri."

Darasin da ya fi ba da wuya shi ne na mutanen Inka, waɗanda suka yi mulki a duwatsun Amirka ta Kudu kafin Sifaniyawa su zo. Yaron Kurfai tsaunin da ya sani shi ne na bakin dallol, kwarin nan namu, tsaunin da akuya ke hawa kafin ka gama gaisuwa. Je ka gaya masa akwai dutsen da girgije ke ƙarƙashinsa, ƙanƙara a kansa, mutane kuma suna noma a jikinsa. Zai rubuta, amma a ransa ya ce Mushe ya sha wani abu. Mushe Gado yakan fitar da su tsakar makaranta, ya tara jiƙaƙƙen yashi, ya yanka masa matakala da wuƙa, ya zuba ruwan buta daga sama, su ga yadda kowace matakala ke riƙe nata. Sannan ya ciro dankalin Turawa daga aljihu, irin wanda ake nomawa a Bonkuku, ya ce musu wannan ba na Turawa ba ne, na mutanen nan ne, Turawa ɗauko shi suka yi. Daga nan sai ka ga yara sun matso.

Sai igiya. Mutanen Inka ba su da rubutu irin namu, ba su da doki, ba su da baƙin ƙarfe, ba sa ciniki da kuɗi, amma sun riƙe ƙasa mai tsawon gaske daga birninsu Kusko. Ƙulli suke yi a jikin zaruruwa masu launi, kowane ƙulli da ma'anarsa, su san yawan mutane da hatsi da tufafi. Na yi kwanaki ina tufka tawa da zaren saƙa. Sun yi hanyoyi a kan duwatsu, da gadojin igiyar ciyawa da ƙauye ke sabuntawa, da matasa masu gudu da ke miƙa wa juna saƙo daga zango zuwa zango. A gefen hanyoyin kuma rumbuna ne jere, cike da masara da busasshen dankali da tufafi, domin mayaƙa da kuma shekarar da ruwa ya ƙi. Da ka ce rumbu ba ka bukatar ƙarin bayani, ɗan Kurfai ya san abin da rumbu yake nufi.

Kada wani ya ce na mai da su waliyyai. Ban taɓa ba. Rana suke bauta wa, sun ci ƙasashen maƙwabta da yaƙi, sukan tashi gari guda su kai shi wata ƙasa don kada ya yi tawaye, har yara sukan miƙa wa abin bautarsu. Shi ya sa da baƙi suka zo, wasu ƙabilun da ke jin haushinsu suka bi bayan baƙin. Duk wannan ina faɗa. Wanda ke ɓoye rabin labari don ya yi daɗi ba malamin tarihi ba ne, maroƙi ne.

Inda aikin yake shi ne kalma ɗaya. Haraji a wurinsu ba kuɗi ba ne, aiki ne. Kowane gida yana ba da mutum idan layi ya zo kansa, a yi hanya, a gyara gada, a nome gonar sarki, sannan ya koma gida wani ya karɓa. Sunan abin da harshensu mita. Ka rubuta wannan a allo a gaban ƴaƴan Hausawa ka gani. Ajin zai fashe da dariya, wani ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, wato mita suka yi ma sarki har shi gaji?" Dole ka ba su wata kalma. Mushe Gado ya ce ya yi shekaru yana juya ta kafin ya tsaya a kan gayya. Domin sarkin Inka, duk da girmansa, idan ya tara mutane aiki shi ke ciyar da su daga rumbunan nan, ya shayar da su abin sha na masara, ya raba tufafi, a yi kiɗa. Waɗanda suka rubuta labarin ma sun ce gonar gwauruwa da tsoho da marar lafiya da wanda ya tafi yaƙi ana nome ta kafin ta sarki. Namiji na gaba yana huda ƙasa da sanda, mace na biye tana zuba iri, kamar mu da sungumi. Ranar wannan darasi Mushe Gado yakan ɗora ƙwaryar fura a kan tebur, babu komai a ciki, ya bar ta nan har a tashi.

Mako mai zuwa sai Sifaniyawa. Ƴan kaɗan ne, da dawakai da takubba da bindiga, suka tarar ƴaƴan sarki biyu sun gama yaƙi da juna, agana kuma ta riga su isowa tana kashe mutane. Suka gayyaci wanda ya ci yaƙin ya zama sarki ganawa suka kama shi. Ya cika musu ɗaki da zinariya don su sake shi, suka narkar da ita, suka kashe shi duk da haka. Aka raba ƙauyuka ga baƙi kamar ana raba nama. Aka tattara mutane daga gonakinsu aka cusa su a sababbin garuruwa, aka rushe wuraren bautarsu, rumbuna suka zama kango. Amma abu ɗaya ba su rushe ba. Mita suka riƙe, da sunanta, har da masu garin da ke tara mutane. Sai dai yanzu ramin azurfa ake kai mutum, a wani dutse da ake kira Potosi, tafiyar makonni, da guzurinsa na gida, ɗan abin da ake ba shi bai kai na ci ba, gonarsa kuwa babu mai duba ta. Da yawa ba su dawo ba. A wannan rana tebur wayam yake. Ko yaushe sai an sami yaron da zai ce, "Mushe, ina ƙwaryar?" Sai Mushe Gado ya ce, "Darasin yau ke nan." Da ya yi ritaya ni ya bar wa ƙwaryar.

Na yi shekaru ina wannan darasi lafiya lau, har shekarar da ta biyo bayan babban fari. Wanda bai gani ba kada ya ce zai gane. Mutane sun ci anza, sun ci dusa, sun tone gidan tururuwa. Dabbobin wajen Sanam sun zube a hanya. Samari sun watse kudu neman abinci. Ajina ya ragu, waɗanda suka rage kuma barci suke yi a kan tebur saboda yunwa, ni kuwa ba ni da bakin tsawa. A ciki akwai Rabi, yarinya mai kaifin kai, mai yawan tambaya, ɗiyar Arzika. Arzika manomi ne na unguwar gabas, ba ya shiga harkar kowa. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi kudu, shi kaɗai ya rage mai riƙe sungumi a gidan. Duk yunwar nan bai taɓa damin irinsa ba, yana rataye a ɗaki, yara na kuka yana kallonsa.

Ruwan shuka ya sauka, mai kyau, wanda ya jiƙa ƙasa sosai. Kowa ya san abin da ke biye: ka shuka kafin ƙasa ta sha iska, in ba haka ba ka zauna jiran wani ruwan da ba ka san ranarsa ba. To, washegari da sassafe mai shela ya zaga da ganga, wai ana kiran gayya. Akwai wani babba da aka aiko mana daga Yamai, ba zan faɗi sunansa ko muƙaminsa ba, Mai Kaki muke ce masa. Wani babban baƙo na gwamnati zai zo, saboda haka kowane gida ya ba da namiji, a ɗauko duwatsu daga tsauni a jera a bakin hanya, a shafa musu farar ƙasa, a gina dandamali. Hatsin taimako kuma yana kulle a sito, ba za a taɓa ba sai baƙo ya zo an ga hannunsa a kan buhu. Mutanen da ba su ci ba, a ranar shuka, suna ɗaukar dutse a ka don mota ta wuce tsakanin fararen duwatsu.

Ni kuma a makon nan tsarin karatu ya kawo ni kan Sifaniyawa. Ban zaɓi ranar ba, ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na saba faɗa ba. Rabi ce ta tambayi ƙwaryar. Na ba ta amsar Mushe Gado, ta kai gida.

Waɗanda ke wurin sun ba ni labarin abin da ya faru. Rana ta take, Mai Kaki ya zo a mota, ya tsaya yana yaba wa jama'a, wai gayya gadonmu ce, kakanninmu da ita suka gina ƙasa. Arzika ya sauke dutsensa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. Ɗiyata ta ce ga lakwal an hwaɗa musu gayya iri biyu ta, da ta Inka da ta Sifaniyawa. Ta Inka da hura, ta Sifaniyawa babu. To tun sahe nike duban inuwa ban ga ƙwarya ba. Wagga wacce ta?" Wani ya yi dariya, dariyar ta bi layi har bakin tsauni. Sai mutane suka fara sauke duwatsu suna zama a kai. Kafin la'asar Arzika yana kulle.

Aka aiko a kira ni. Abin da Mai Kaki ya fara tambayata shi ne wane ne wannan Inka, a wace unguwa yake, su wa ke zuwa wurinsa. Ya ɗauka wani ɗan adawa ne ya shigo gari. Da ba mutum ne a kulle ba da na yi dariya. Na buɗe masa littafin da gwamnati da kanta ta raba mana, na nuna masa shafin. Ya karanta, ya daɗe a kai, domin ba jahili ba ne, kuma na ga ya gane sarai. Ya ce, "Ina gayya cikin wanga shafi? Wa ya ba ka izinin Hausa cikin aji?" Sannan ya faɗi sharaɗinsa. Ran kasuwa in hau sama gaban jama'a in ce kuskure na yi, abin da ke littafi ba shi da dangantaka da gayya, yarinya ce ba ta fahimta ba. Ina faɗa, a saki Arzika ya je ya shuka. In na ƙi, a tura shi Yamai.

Na samu aka bar ni na tsaya a tagar ɗakin da Arzika yake. Fuskarsa ta kumbura ta gefe ɗaya. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, zan hwaɗi abin da suka so, ka hita." Ya dube ni ya ce, "Mushe, abin da ka koya ma Rabi, ƙarya ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To in ka hau ka ce ƙarya ta, ka maishe ɗiyata maƙaryaciya gaban gari, ni kuma tsohon banza da ka bin zancen yara. Ni ban aike ka ba. Amma ƙasa tana shan iska, Mushe. Wanga shi ka hana ni zama."

Daga nan na wuce gidan Mushe Gado. Idonsa ya riga ya tafi, yana zaune a zaure. Na zayyana masa komai, ina so ya ce mini yi kaza. Bai ce ba. Cewa ya yi, "Nemi wata kalma. In ka samu wadda ta hi gayya gaskiya, hau ka hwaɗe ta, ba kunya ba ta. In ba ka samu ba, kada ka ƙera." Na koma ina juyawa. Taimako? Ba ya ɗauke da layi da juyi. Aikin sarki? Ya bar ƙwaryar a waje. Haraji? Yaro zai ga kuɗi a ransa. Na bi kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman akuyarsa a kasuwa, kowacce na kama sai in ga ba ita ba ce. Ku da kuke cewa hutu ne, wannan shi ne aikin, kuma a lokacin gonar mutum tana bushewa. Babu wanda ya taka ta, kowa na tsoron a gan shi a gonar wanda aka kama, kowa kuma na cewa ai ran kasuwa za a sake shi.

Ran kasuwa suka hau da ni kan amalanke, Mai Kaki a kujera, sojojinsa a gefe. Na karanta shafin da Faransanci, jama'a na kallona kamar ina kiran aljanu. Mai Kaki ya ce in fassara. Na fassara rumbuna, na fassara hanyoyi, na zo kan kalmar. Na ce, "Jama'a, an ce in gyara kuskure, kuma akwai kuskure. Na ce ma yara gayya iri biyu ta. Ba haka ba na. Gayya guda ta, wadda mai kira ka ciyarwa. Ta biyun, wadda Sifaniyawa sunka yi, suna ɗai ta ara. Na nemi sunanta da Hausa ban samu ba. Ranka shi daɗe, in kun san shi ku hwaɗa mini in koya ma yara." Sai wata tsohuwa mai sayar da kuka, ko tashi ba ta yi ba, ta ce, "Aikin dole a sunanta, ɗana. Ubana ya yi shi ga Annasara, bisa hanyar Yamai. Can ya mutu."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karo. Mai Kaki ya tashi ya shiga mota. Kafin a watse kasuwa an wuce da Arzika Yamai a bayan wata motar, ni kuma aka ce in jira takardata. Har aji suka shiga suka ɗauke ƙwaryar Mushe Gado, wai shaida ce. Tana can wani ofis, in ba a jefar ba.

Akwai masu cewa har yau da na faɗi abin da aka ce in faɗa da mutumin ya kwana gidansa. Su faɗa. Ba ni na kulle hatsi ba, ba ni na tara mayunwata ɗaukar dutse ranar shuka ba, ba ni na mari dattijo don ya yi tambaya ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda a ƙasar nan kullum wanda ya kira abu da sunansa ake tuhuma, wanda ya aikata kuwa a ce ai hukuma ce.

Washegari da safe na shiga aji na ce kowa ya bar jakarsa, yau darasi a waje yake. Na ce musu a ƙasar Inka gonar wanda ba ya nan ita ake fara yi. Muka nufi gonar Arzika. Maza suna can bakin hanya da duwatsunsu, amma matan unguwar da suka gan mu sai suka biyo, wata da goyo, wata da sungumin mijinta. Inna Kuluwa, matar Arzika, ta sauko da damin irin nan, ta sussuke shi da hannunta. Ni na riƙe sungumi a gaba, ni da ban taɓa shi ba tun ina yaro, kafin hantsi tafin hannuna ya fashe. Rabi na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Tudun gonar ya riga ya bushe, in ka sara sai ƙura. Gangaren wajen dallol ne ya riƙe danshi, nan muka ba ƙarfi.

Da rana ta yi sama sai na ga Inna Kuluwa ta taho da ƙwarya a ka. Na san babu ko tsabar gero a gidan nan ban da irin da muke binnewa. Na ce, "Inna, don Allah ki bari, yaranki sun hi mu bukata." Ta sauke ta a gindin aduwa ta ce, "Mushe, ni ba Sifaniyawa ba ta." Ruwa ne da tsamiya da ɗan dusa a ƙasa. Kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa, har ta zagayo.

Takardata ta zo kafin gero ya kai gwiwa. Aka jefa ni can gabas mai nisa, aka karɓe tarihi daga hannuna, aka sa ni tsaron yara a tsakar makaranta da buga ƙarfe. Labari ya same ni cewa gangaren ya yi, tudun bai yi ba, gidan ya ci rabin shekara da abin da aka samu. Arzika sai bayan girbi aka sake shi, kunnensa ɗaya ya mutu. Baƙon da aka yi wa fararen duwatsu kuwa, an ce ko tsayawa bai yi ba sosai.

Soja suka tafi, ƴan siyasa suka zo, soja suka dawo, suka sake tafiya. Kowanne da lasifikarsa, kowanne kuma sai ka ji ya kira gayya, a share fili, a tari baƙo, a yi tafi. Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar wa zai dama furar ba. An mayar mini da tarihi daga baya, na sayi sabuwar ƙwarya, na ci gaba har na yi ritaya na dawo Filinge. Na nemi Arzika aka ce ya rasu. Ban samu na gan shi ba tun ta tagar nan.

Na sayi ƴar gona a bayan gari don kada zama ya kashe ni. Daminar farko, ruwan shuka ya sauka, na fito da safe ina tunanin wanda zan ɗauka aiki, domin bayana ba ya lanƙwasuwa. Sai na tarar da mace a ƙofar gida da samari uku, kowanne da sungumi a kafaɗa. Ta yi furfura a gefen kai, sai da ta yi magana na gane ta. Rabi ta ce, "Mushe, Baba ya bar wasiyya. Ya ce akwai ranarka guda gare mu, duk sa'adda ka yi gona a kai maka ita. Ga jikokinshi." Samarin suka juya za su kama hanya. Na ce su tsaya, babu mai taɓa mini ƙasa tukuna. Na shiga ciki na ce wa matata ta dama fura, da nono, a babbar ƙwarya.

Da na kai nan Sani da abokansa shayinsu ya huce a hannu. Na kwance ƙullin na ba su taswirorin, har da igiyar ƙulli. Sani ya ce, "Baba, ƙwaryar hwa?" Na ce wannan kowa ya sayi tasa, kuma kada ya ɗora ta a kan tebur sai ya shirya wa ranar da wani uba zai tambayi inda take.